Rolar fentin kabad ɗin kicin: a sayi ta araha ko a ƙara kuɗi?

Maman Khalil, Arkilla:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin fenti a cikinmu. Kabad ɗin kicin ɗina na katako ne, kafinta ya yi shi da filawud ya shafa masa fenti mai mai, kuma yanzu launinsa ya dushe, musamman ƙofofin da suke kusa da murhun gas. Mun yi shawara da maigida cewa ƙanena, wanda yake hutun makaranta, shi zai sake masa fenti, domin kuɗin mai aiki ya yi mana nauyi a wannan lokaci. Da ya je kasuwa sayen kayan aiki sai ya tarar da rola iri-iri. Akwai waɗanda ake haɗawa da yawa a leda ɗaya a sayar da kuɗi kaɗan, akwai kuma wadda guda ɗaya tak ta fi kuɗin ledar gaba ɗaya. Mai shago ya ce masa mai tsadar ce ta dace da kabad, shi kuwa ya dawo bai saya ba domin mu fara tambaya. Shin bambancin yana fitowa a jikin aikin har ido ya gani, ko kuwa suna kawai ake saya?

Baba Mai Fenti, Rijiyar Dorowa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Bambancin yana fitowa, amma kafin a kai ga maganar kuɗi akwai maganar iri, kuma a nan ne mutane suka fi ɓata aikinsu. Rolar da aka saba gani a hannun masu fentin gida, mai faɗin inci 9 da dogon gashi, domin bango aka yi ta. Tsawon gashinta yakan kai milimita 10 zuwa 13, wani lokaci ma fiye, saboda ta ɗebi fenti da yawa ta cusa shi cikin ramukan filasta. Ƙofar kabad kuwa sumul take, ba ta da ramin da za a cike, saboda haka duk fentin da dogon gashi ya zuba mata a sama zai tsaya, ya bushe da kaushi, fuskarsa ta koma kamar ɓawon lemu. Ko da an sayi wadda ta fi kowace tsada a Sakkwato, in dai ta bango ce, haka aikin zai fito.

Abin da ƙanenki zai nema shi ne ƙaramar rola mai faɗin inci 4, wato kimanin santimita 10, wadda gashinta bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba, ko kuma ta soso mai tauri. Idan an tsaya a kan wannan, sai a zo batun wadda za a ƙara wa kuɗi. Ni dai a aikina ba na yin shafin ƙarshe da ta araha. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kabad kuwa abu ne da ake kallo daga kusa, ana taɓa shi da hannu safe da yamma, duk ɗan gashin da ya maƙale a kai mai girki za ta gan shi kullum.

Kafinta, Mabera:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da maganarka ta farko ɗari bisa ɗari, amma ta biyun ina da ja a kanta. Mu da muke haɗa kabad muna miƙa wa mutane, abin da muka gani shi ne mafi yawan aikin da ya lalace tun kafin rola ta taɓa shi ya lalace. Ƙofar da ta shekara da shekaru tana shan hayaƙin manja da man gyaɗa, idan ba a wanke ta da ruwan zafi da sabulun gari har maiƙon ya fita ba, aka ɗauraye, aka bar ta ta bushe, sannan aka goge ta da sanfefa, to babu rolar da za ta sa fenti ya kama ta. Wata ɗaya ko biyu sai a ga yana ɓarewa daga wajen mariƙi.

Sannan akwai lissafin da ba a cika yi ba. Fenti mai mai ba ya wankuwa da ruwa, sai da tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ko kananzir. Wanda ya sayi rola mai tsada dole ne ya wanke ta bayan kowane aiki domin kada kuɗinsa ya tafi a banza, kuma kuɗin tinar da zai ƙarar wajen wankin yakan kusa kai kuɗin sabuwar rolar soso ta araha. Ga wanda fenti ne sana'arsa, wannan ba komai ba ne, domin gobe ma zai yi aiki da ita. Amma yaron da zai yi kicin ɗin yayarsa sau ɗaya ya koma makaranta, me zai yi da rola mai tsada bayan an gama? Ni shawarata ya sayi na soso a leda, ya yi shafi ɗaya da kowace ya jefar.

Baba Mai Fenti, Rijiyar Dorowa:
Malam kafinta, maganar wanki da sanfefa gaskiya ce, kuma na gode da ka kawo ta. Amma ka tuna cewa soso ma suna suka tara. Na araha ramukansa manya ne, yana shan iska tare da fenti, idan aka murza shi sai ya bar ƙananan kumfa a jikin ƙofa. Idan fentin ya daɗe bai bushe ba kumfan yakan fashe ya kwanta, idan kuwa ya yi saurin kamawa, kamar yadda yake yi a zafin garin nan, sai kumfan ya bushe a inda yake, ka ga ƙofa da 'yan ramuka ƙanana ko'ina. Gyaransa sai an jira ya bushe sosai, an sake gogewa, an sake shafi. A nan an yi asarar fenti, shi kuwa fenti shi ne babban kuɗin aikin.

Malamin Fasaha, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Ina ganin zai taimaka wa Maman Khalil idan aka faɗi ainihin abin da ƙarin kuɗin yake saye, domin ta iya dubawa da idonta maimakon ta dogara da farashi.

Abu na farko shi ne yadda aka haɗa gashin. A rolar araha yawanci zaren roba ne aka cusa a jikin yadi mai sako-sako, shi ya sa yake tsigewa idan fenti mai danƙo ya ja shi, kuma fenti mai mai ya fi na ruwa danƙo. A mai kyau, gashin saƙa shi ake yi tare da yadin, kowane zare yana riƙe a gindinsa, saboda haka da wuya ya zube. Abu na biyu shi ne bututun da yake ciki. Na araha sau da yawa kwali ne da aka naɗe, idan ya jiƙa da ruwa ko tina sai ya yi laushi ya lanƙwashe, rolar ta daina taɓa katako daidai, wani gefe ya sha fenti wani ya rasa. Na mai kyau roba ce mai tauri wadda tina ba ta cin ta. Akwai kuma gam ɗin da aka manne yadin da shi, da layin da yadin ya haɗu a zagaye. Idan haɗin bai yi daidai ba, duk juyawar da rola ta yi sai ta bar zane a jikin ƙofa, kuma fenti mai sheƙi ba ya ɓoye irin wannan zane, ƙara fito da shi yake yi.

Dangane da wace ta dace da wane fenti, ga fenti mai mai an fi son mai gajeren gashi mai santsi irin na karan-miski, wadda ake kira belo ko moheya, ko kuma soso mai tauri da aka zagaye bakinsa domin kada ya bar layi. Ga fentin ruwa na katako kuwa, rolar maikurofaiba, wato mai siraran zare ƙwarai, mai gajeren gashi ta fi, domin tana sakin fenti a hankali kuma ba ta tada kumfa kamar soso. Ina ƙara jan hankali a kan abu ɗaya: tinar da masu fentin mota suke amfani da ita tana da ƙarfi ƙwarai, tana kumbura soso ta narka gam. Wanda ya sirka fentinsa da ita ya tsoma rolar soso a ciki, ko mai tsada ce za ta lalace a hannunsa, kuma fentin kansa yana iya tsinkewa. A sirka fenti da abin da kamfanin ya rubuta a jikin gwangwani.

Maman Khalil, Arkilla:
Na gode ƙwarai, Malam. To yaya mutum zai gane waɗannan abubuwa a shago, alhali rolar tana cikin leda kuma mai kaya ba lallai ne ya yarda a buɗe ba?

Mai Shagon Fenti, titin Emir Yahaya:
Hajiya, tunda an taɓo mu masu sayarwa, bari in sa baki. Duk mai shagon da yake son ki dawo gobe zai buɗe miki guda ɗaya ki duba, kuma yawancinmu muna ajiye wadda aka riga aka buɗe domin haka. A matsa bakin bututun da yatsu biyu. Idan ya lotsa, kwali ne ko roba marar ƙarfi. A tsinci gashin a ja shi a hankali. Idan ya biyo yatsa tun yana busasshe, to cikin fenti sai abin da ya ƙaru. A ɗaga ta a haske a juya, a duba ko layin haɗin yadin ya fito ko akwai inda gashi ya fi wani wuri tsawo. Idan ta soso ce, a danna da babban yatsa. Mai kyau tana da tauri kuma nan take take komawa yadda take, ramukanta ƙanana ne har ido ba ya rarrabe su sosai.

Kada kuma a manta da hannun, wato ƙarfen da ake zura rolar a jiki. Mutane sukan ƙara kuɗi a kan rola su sayi hannu mafi araha, wanda ƙarfensa siriri ne yana lanƙwashewa, ko kuma rolar tana cijewa a kansa ta riƙa jan fenti maimakon ta juya. Hannu mai kyau sau ɗaya ake saye, kuma ƙananan roloji da yawa suna shiga jikinsa.

Gaskiyar da zan faɗa kuma, ko da ta shafi kasuwarmu, ita ce tsada ba shaida ba ce. Akwai kayan jabu da ake sa wa leda mai kyau da rubutun ƙasar waje a sayar da farashin na ainihi. Saboda haka ni ba na ce wa mutum ya sayi mafi tsada, cewa nake ya duba da hannunsa. Sau da yawa ta matsakaicin farashi takan ci wannan jarrabawa, kuma ita nake ba masu aikin gida.

Hajiya Inna, Gawon Nama:
Ni dai abin da na gani a gidana ya sa ina bayan Baba Mai Fenti. An yi mini fentin kabad da hunturu, fari mai sheƙi, da aka gama sai ga ƙofofin cike da 'yan tsiga-tsiga, idan ka shafa hannu kana jin su suna karce ka. Mai aikin ya zo da rolar araha ce, na gan ta da idona, kuma tun daga ranar na ɗora laifin a kanta. Abin ya dame ni sosai, domin kicin ne wurin da na fi zama a gidan, kuma kuɗin da na kashe ba kaɗan ba ne.

Kafinta, Mabera:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma ina roƙon ki sake duba ƙofofin da kyau, da hasken tocila daga gefe. Gashin rola siriri ne mai ɗan tsawo, yakan kwanta a lanƙwashe cikin fenti. Idan kuwa abin da kike ji ƙwayoyi ne masu kama da yashi, wannan ƙura ce, kuma kin ce da hunturu aka yi aikin. Fenti mai mai yakan ɗauki awa 6 zuwa 8 kafin samansa ya daina kama hannu, a duk tsawon wannan lokaci kuwa abin da iska ta kawo a kansa zai zauna. Kowa ya san yadda ƙurar Disamba da Janairu take a garin nan, ko an rufe taga sai an share ɗaki da yamma. Akwai kuma na uku, wato busasshen fenti daga bakin gwangwani da fatar da take kwanciya a samansa idan ya kwana a buɗe. Wannan maganinsa a tace fentin da tsohuwar safa ta mata ko yadi mai shara-shara kafin a zuba a faranti. Yawancin abin da ake ɗora wa rola, ba ita ta kawo shi ba.

Hajiya Inna, Gawon Nama:
Na duba kamar yadda ka ce, Malam. Duka biyun suna nan. A ƙofofin sama ƙwayoyi ne suka fi yawa, a na ƙasa kuwa ga gashi nan a kwance, wani ma har ana iya cire shi da farce.

Baba Mai Fenti, Rijiyar Dorowa:
To kun gani, kowa da gaskiyarsa. Ƙura aikin lokaci ce da wuri, gashi kuwa aikin rola ne, kuma mutum yana iya magance duka biyun. Ko wace iri aka saya, kada a tsoma sabuwar rola mai gashi a fenti kai tsaye. A naɗe ta da tef ɗin takarda a ɓare, a maimaita har tef ɗin ya daina fitowa da gashi. Wannan yana rage matsalar ta araha sosai, ko da yake ba ya kawar da ita, domin tana ci gaba da tsigewa idan aiki ya yi nisa.

Tunda an kawo maganar lokaci, bari in tsaya a kanta, domin a Sakkwato ita ce rabin aikin. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 da rana, kuma a irin wannan yanayi fenti yana fara kamawa tun yana jikin rola. Kyan fentin kabad yana zuwa ne daga 'yan mintocin da yake samu ya kwanta da kansa bayan an shafa, sawun rola ya ɓace. Idan zafi ya hana shi wannan dama, sawun zai zauna, ko da wace rola aka yi. Saboda haka a fara bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, a tsaya kafin hantsi ya yi zafi, kuma a inuwa, kada rana ta taɓa ƙofar. Kada a kunna fanka a kanta da nufin ta bushe da wuri. Da hunturu a zaɓi ɗakin da iska ba ta ratsa shi kai tsaye, a share tun daren jiya, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara domin ƙura ta kwanta. Da damina babu ƙura sosai, amma laima tana jinkirta bushewa, sai a ƙara haƙuri tsakanin shafi da shafi.

Yadda ake riƙe rolar ma yana da nasa. A kwance ƙofofin daga jikin kabad, a cire mariƙai da hinji, a rubuta wa kowace lamba a wurin da hinji zai rufe domin kada a rikice wajen mayarwa. A shimfiɗa su a kwance a kan katakai biyu, domin fentin da yake kwance ba ya zuba, kwanciya yake yi. Lungu da kwarin ado a fara bin su da ƙaramin buroshi, nan take a bi fili da rola tun kafin na buroshin ya kama. A ɗebi fenti kaɗan, a murza a faranti har ya game rolar, a shafa ba tare da dannawa ba. Daga ƙarshe a bi ƙofar daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya, hannu sake, duk a fuska ɗaya, sannan a ƙyale ta. Yara masu koyo abin da yake ba su wahala ke nan, sai su ga wani ɗan wuri su koma su taɓa bayan fenti ya fara kamawa, su ɓata abin da da zai gyaru da kansa.

Abban Sadik, Tudun Wada:
Ni ina ganin duk wannan wahala ce. Me zai hana a kwashe ƙofofin a kai wa masu feshi? Aikin injin feshi babu rolar da za ta kamo shi wajen santsi.

Malamin Fasaha, Runjin Sambo:
Gaskiya ne feshi ya fi santsi idan gwani ne ya yi, kuma wanda yake da hali yana iya yin haka. Sai dai Maman Khalil ta ce rage kuɗi ne ya sa za a yi a gida, sannan jikin kabad ɗin da yake manne da bango ba ya ciruwa, dole a yi shi a wurin. Feshi a cikin kicin kuwa sai an rufe komai da leda da takarda, kuma tururinsa yana kama wuta. Ko da rola za a yi, in dai fenti mai mai ne, a rufe tukunyar gas, a fitar da kayan abinci, a bar hanyar da iska za ta fita, kuma kada a yi girki a wurin sai warin ya tafi. Masu sirka fenti da fetur domin ya fi araha su daina. Yana kashe sheƙin fenti, yana sa shi bushewa da gaggawa, haɗarinsa kuma ba sai an faɗa ba.

Akwai wani abin da nake so ƙanen Maman Khalil ya kiyaye wajen gogewa. Tsohon fenti mai mai yana iya ƙunsar dalma, musamman launuka masu haske irin rawaya da ja, kuma ƙurarsa guba ce ga ƙananan yara. Mu nan ba mu da nisa da Zamfara, mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, ko da yake can daga niƙan duwatsun zinariya ta fito. Saboda haka a yi gugar a waje, nesa da yara, a rufe hanci da baki, a yi amfani da sanfefar da ake jiƙawa da ruwa domin ƙura ta ragu, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma bayan an gama. Ba a bukatar a kankare tsohon fentin har katako. In dai bai ɓare ba, a dushe sheƙinsa kawai da sanfefa mai lamba 180, tsakanin shafi da shafi kuma a bi shi sama-sama da 240 ko 320.

Amarya, Minanata:
Don Allah ina da tambaya a kan wannan. Nawa kabad ɗin ba filawud ba ne, irin allon nan ne da yake zuwa da fuska mai santsi tun daga kamfani, mai kama da roba. Shin rola mai tsada za ta sa fenti ya zauna a kansa?

Kafinta, Mabera:
Ƙanwata, ba za ta sa ba. Wannan allon MDF ne, wato na garin katako da aka matse da gam, ko makamancinsa da aka lulluɓe da melamin, wata fata mai kama da roba, fuskarsa ba ta shan komai, fenti na yau da kullum a kanta farce ma yana ɓare shi. Sai an wanke, an dushe fuskar da sanfefa ba tare da an huda lulluɓin ba, sannan a sa shafin farko na musamman wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa yana kama irin wannan fuska. Idan akwai inda lulluɓin ya ɓare har allon ya fito, kada a bari ruwa ya taɓa shi, domin MDF yana kumbura idan ya jiƙa kuma ba ya komawa. A wurinki kuɗin da za a ƙara a shafin farko ya kamata ya tafi. Rola kuwa, tunda fuskar ta fi ta filawud santsi, duk aibin da ta bari zai fi fitowa, saboda haka a nan ni ma ba zan ba da shawarar soso mai manyan ramuka ba.

Baba Mai Fenti, Rijiyar Dorowa:
Ashe dai mun kusa haɗuwa, Malam kafinta. Ni ma ban ce a yi kowane shafi da mai tsada ba. Shafin farko da andakot, wato shafin da ake yi a ƙarƙashin na ƙarshe, za a bi su da sanfefa daga baya, saboda haka ɗan gashi ko kumfa a cikinsu zai tafi da guga. A nan ta leda ta wadatar, a yi da ita a jefar, ba a ɓata tina wajen wanki ba. Cikin kabad da bayan ƙofofi ma haka. Amma shafi biyu na ƙarshe a fuskar ƙofa, wanda babu sanfefar da za ta bi bayan na ƙarshensu, a nan nake cewa a sayi mai kyau guda ɗaya ko biyu. Idan aka haɗa kuɗin fenti da andakot da tina da sanfefa, ƙarin da za a yi a kan rola biyu ƙaramin abu ne a cikin lissafin.

Kafinta, Mabera:
A kan shafin ƙarshe na sallama, Baba, da sharaɗin a gwada tukuna. Yaron ya ɗauki bayan ƙofa ɗaya, ya yi rabi da ta araha rabi da ɗayar, ya bar shi ya kwana, da safe a fito da ita haske a duba daga gefe. Gani ya kori ji. Akwai rolojin soso na matsakaicin kuɗi da na ga sun yi aikin da ba a rarrabe shi da na mai tsada, kuma idan aka dace da irinsu babu dalilin ƙarin kashe kuɗi.

Maman Khalil, Arkilla:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Saura tambaya biyu daga ƙanena. Tunda shafi biyu na ƙarshe ba rana ɗaya za a yi su ba, dole ne ya wanke rola mai kyan a tsakani? Sannan yaushe za mu mayar da ƙofofin mu ci gaba da amfani da kicin?

Baba Mai Fenti, Rijiyar Dorowa:
Ba sai ya wanke ba, 'yata. Idan ya gama na yau, ya bar fenti a jikinta yadda take, ya zura ta a leda mai kauri, ya matse iskar ta fita, ya ɗaure bakin sosai, ya ajiye a wuri mai sanyi cikin inuwa. Za ta kai gobe da laushinta. Kafin ya fara, ya murza ta a kan kwali mai tsabta domin idan akwai inda ya fara bushewa a bakinta ya fita a can. Farantin kuwa ya shimfiɗa masa sabuwar leda kowace rana, domin busasshen fentin jiya shi ne yake komawa tsiga a aikin yau. Idan ta wuce kwana biyu a ɗaure a wannan zafi, gara a wanke ko a sake wata. Tinar da aka yi wanki da ita kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya. A zuba a kwalba a rufe, dattin zai kwanta a ƙasa, na saman ya sake yin wani wankin.

Tsakanin shafi da shafi na fenti mai mai a ba shi awa 16 zuwa 24, ko abin da aka rubuta a gwangwani, ko da hannu ya ji kamar ya bushe tun da yamma, domin samansa ne ya bushe, cikinsa da saura. Bayan shafin ƙarshe a bar ƙofofin a kwance kwana biyu ko uku kafin a ɗaura su, kuma a makon farko kada a riƙa rufe su gam, saboda fenti da fenti idan suka haɗu suna mannewa, wajen buɗewa ɗaya ya ɓare ɗaya. Wanki da soso da sabulu a jira sai bayan mako uku zuwa huɗu, lokacin ya gama yin tauri. Idan fari kuke so, ku sani fari mai mai yana komawa ruwan ƙwai da daɗewa, musamman a cikin kabad inda haske ba ya shiga da kuma kusa da murhu. Wanda wannan zai dame shi ya nemi fentin ruwa na katako, ba na bango ba, kuma idan ya canza fenti ya canza rola zuwa maikurofaiba kamar yadda Malamin Fasaha ya faɗa, ya sa andakot ɗin da zai haɗa tsohon mai mai da sabon na ruwa.